Amsa ga mai neman gidan haya a Margate: yadda unguwannin garin suka juya tun bayan yaƙin duniya na biyu

Wata 'yar'uwa ce ta turo tambaya, ta ce ta samu aikin nas a asibitin Margate da ke Kent a kudu maso gabashin Ingila, tana ta duba gidajen haya a intanet amma abin ya ɗaure mata kai, sai ta ga ƙaton gida mai hawa huɗu an yayyanka shi ɗaki-ɗaki da araha, layin da ke bayansa kuma irin gidan sak amma kuɗinsa ya yi tashin gwauron zabi. Wata abokiyar aikinta ta ce mata ko da wasa kar ta zauna a Cliftonville, wata kuma ta ce ai yanzu nan ne unguwar 'yan gayu. Tana so ta san wa ke da gaskiya, kuma me ya faru da garin ya zama haka.

To 'yar'uwa, Allah ya sa an shiga aikin a sa'a. Dukkansu biyun gaskiya suka faɗa miki, kowacce dai shekarar da ta san unguwar take ba ki labari, wani lokacin ma layin da ta sani. Ni harkar tsarin gari da gidajen haya ce sana'ata, kuma abin da zan so ki riƙe tun farko shi ne waɗannan manyan gidajen da kike gani ba don iyali aka gina yawancinsu ba, don baƙi aka gina su, baƙin da ke zuwa shan iskar teku na sati ɗaya ko biyu su koma. Ginin bai canza ba tun zamanin Sarauniya Biktoriya, wanda ke biyan kuɗin ɗakin ne ya yi ta canzawa, kuma duk sanda mai biya ya canza sai unguwar gaba ɗaya ta canza fuska. In kika bi wannan zaren za ki gane garin tsaf.

Bari in ɗan shimfiɗa miki garin tukunna. Margate na ƙuryar gabashin Kent, yankin da ake kira Thanet, tare da Ramsgate da Broadstairs, ƙaramar hukuma ɗaya ce ke riƙe da su ukun tun 1974. Mutanen garin sun ɗan haura dubu 60. A tsakiya akwai tsohon gari da tashar jiragen ruwa da babban rairayin bakin teku, ta yamma Westbrook da Garlinge har ki kai Westgate, ta gabas a saman tudun farin dutsen alli akwai Cliftonville, in kika ƙara gaba sai Palm Bay, sannan ta ciki nesa da ruwa akwai Dane Valley da Millmead. Asibitin naku ma ta cikin yake, kan hanyar Ramsgate.

Asalin arzikin garin wankan teku ne. Tun 1791 aka kafa wani asibitin wankan teku domin talakawan Landan masu fama da cutar tarin fuka ta ƙashi da ta wuya, likitocin lokacin sun yarda ruwan gishiri da iskar teku magani ne. Daga nan jiragen ruwa masu tururi suka fara kwaso mutane ta kogin Thames, jirgin ƙasa ya iso a 1846, layi na biyu ya zo a 1863, shikenan kasuwa ta buɗe. Masu ɗan hali ba sa son cakuɗuwa da 'yan yini ɗaya masu hayaniya a tsakiyar gari, sai aka bi gonakin da ke saman tudu ta gabas aka yanka layuka miƙaƙƙu daga titin Northdown zuwa bakin teku, su Ethelbert da Athelstan da Edgar da Sweyn da Godwin da Harold, sunayen tsofaffin sarakuna da manyan ƙasar, ga kuma dandalin Dalby. Gidajen duk kusan zubi ɗaya ne, kicin da ɗakin masu aiki a ƙarƙashin ƙasa, ɗakin cin abinci da falo a hawan farko, sama kuma ɗakunan kwana jere har cikin rufi, banɗaki ɗaya ko biyu ga kowa da kowa. Banda masaukai, unguwar ta cika da makarantun kwana na kuɗi da gidajen jinya na masu murmurewa, duk saboda iskar nan dai.

Yaƙi ya zo ya tsayar da komai cak. A 1940 ta gadar jiragen ruwan Margate aka sauke sojoji fiye da dubu 46 da aka kwaso daga Dunkirk a gaɓar Faransa, kuma da yake garin na kallon Faransa da Beljiyam ne kusa-kusa sai aka kwashe yara, jama'a da yawa suka bar gari, sojoji suka karɓe otal-otal da filin wasan Dreamland, bama-bamai suka taɓa wasu layukan. Da aka gama yaƙi a 1945 masu masauki sun dawo sun tarar da gidajensu a ragargaje, amma makarantun kwanan nan da yawa ba su dawo ba sam, kuma wannan ne karo na farko da manyan gine-gine suka fara zama ba mai su ba aikin yi. Ba a damu sosai ba a lokacin saboda abin da ya biyo baya.

Abin da ya biyo baya kuwa shi ne shekarun da tsofaffin garin har gobe suke ba da labari. Dokar hutu da albashi ta 1938 sai bayan yaƙi ta fara aiki sosai a jikin leburori, ga aikin yi ko'ina, sai ma'aikatan Landan, musamman na gabashin birnin, suka riƙa ɗuruwa a jirgin ƙasa da iyalansu duk bazara. Ko guguwar ƙarshen Janairun 1953 da ta kayar da hasumiyar fitilar tashar ruwa ba ta hana su zuwa ba. A tsakiyar shekarun 1950 Billy Butlin, mai sansanonin hutun nan, ya sayi manyan otal-otal a Cliftonville ya haɗe su. Yahudawan Landan ma nan ne wurin hutunsu, akwai otal-otal masu dafa abinci bisa ƙa'idar addininsu, ga wurin ibadarsu da aka gina tun 1929. Yadda harkar take, mace ce galibi ke riƙe da gidan, mijin na wani aikin daban, in bazara ta kama sai iyalin su tattara su koma ƙarƙashin ƙasa ko wani ɗan ɗaki a bayan gida su bar wa baƙi ɗakunansu, abin da aka tara daga Yuni zuwa Satumba da shi za a ci har wata shekarar, kamar dai masu gidaje a Makka da ke fita su ba alhazai haya lokacin aikin hajji. Ki lura da wannan da kyau, mai gidan a cikin gidan take kwana, ita ke goge matakala, ita ke fentin ƙofa duk shekara kafin baƙi su zo, don in gidanta ya yi dauɗa maƙwabciya ce za ta kwashe baƙin. Wannan ne ya riƙe layukan nan da tsabta, ba wata dokar hukuma ba.

A daidai wannan lokacin kuma garin na ta faɗaɗa ta baya, kuma mutane ba su cika kawo wannan ɓangaren ba in ana labarin. Kansul, wato ƙaramar hukumar garin, ta gina rukunin gidajen gwamnati ta wajen Dane Valley da Millmead domin ma'aikatan gari, masu aiki a masana'antun Westwood, ciki har da kamfanin jiragen ƙasa na wasan yara da ya dawo nan a 1954 wanda daga baya aka san shi da Hornby. Ta gabas kuma, Palm Bay, 'yan kasuwa suka yi ta zuba ƙananan gidaje marasa bene masu gareji da ɗan lambu, 'yan fansho daga Landan suka sayar da nasu can suka sauko nan su ƙarasa rayuwa kusa da teku. Sai kuma dogon benen nan da za ki fara cin karo da shi da kin fito daga tashar jirgin ƙasa, Arlington House, hawa 18 na zallar kankare, an gama shi wajen 1964, har yau rabin gari na zaginsa rabi na kare shi, ni dai ina cikin masu cewa ciki ya fi waje kyau nesa ba kusa ba, don kowane filat na kallon teku. Ma'anar duk wannan ita ce tun kafin kasuwar baƙi ta faɗi, duk mai ɗan abin hannu da ke son gida na iyali ya riga ya samu inda zai je a bayan gari, tsohon gida mai ɗaki goma sha da rufi mai yoyo ba wanda ke sha'awarsa in ba don sana'a ba.

Sai jirgin sama ya shigo. Daga shekarun 1960 zuwa 1970 kamfanonin yawon buɗe ido suka fara haɗa wa mutum tikiti da otal da abinci a Sifaniya a kuɗin da leburan Ingila zai iya biya, kuma can rana tabbas ce, nan kuwa sai ka biya kuɗin sati guda ruwan sama ya tsare ka a ɗaki. Mota ma ta yi nata, wanda ya sayi mota zai zo da safe ya koma da yamma, bai kwana ba bare ya biya ɗaki. Ga rigimar samarin nan 'yan babur da suka gwabza a bakin teku a Mayun 1964 jaridu suka yi ta yayatawa. Akwai kuma wani abu da ba a cika ambata ba amma mu 'yan harkar mun san ya karya ƙananan masaukai da yawa, dokar kariya daga gobara ta 1971, wadda ta tilasta wa otal da masauki sa ƙofofi masu jure wuta da ƙararrawa da hanyar tsira. Doka ce mai kyau ba musu, amma tsohuwar da ke da ɗaki goma kuma baƙinta na raguwa duk shekara ina za ta samo kuɗin, balle kuma baƙin zamani sun fara cewa sai ɗaki mai banɗaki a ciki. Guguwar Janairun 1978 ta zo ta ragargaza gadar jiragen ruwan, wurin ninƙaya na Lido ma ya mutu a ƙarshen shekarun nan.

To yanzu ki sa kanki a matsayin mai irin wannan gida a 1980. Ɗakuna goma sha biyar, ba baƙi, ga bashin banki, iyali ba za su saya ba don ko ɗumama shi da sanyi ya isa ya talauta mutum. Hanyoyi uku ne suka rage kuma duka an bi su. Wasu suka mayar da gidajen wurin kula da tsofaffi, da ma ga 'yan fansho cike da yankin. Wasu suka sayar wa masu yanka gida, a sa katako da allon siminti a raba falo biyu, a liƙa ɗan sink da kuka mai kai biyu a kusurwa, a sa mita mai cin tsaba, gida ɗaya ya koma filat takwas ko goma. Na uku kuma, wanda ya fi kowanne sauya unguwar, shi ne suka gano akwai baƙon da ba ya tafiya in bazara ta wuce, wato gwamnati. A farkon shekarun 1980 rashin aikin yi ya haura mutum miliyan 3 a Birtaniya, ofishin tallafi kuma na biyan kuɗin masauki da abinci ga marasa aiki, sai masu masauki suka riƙa tallata ɗakunansu har a jaridun wasu garuruwa, ka zo ka ci zaman jiran aiki a bakin teku. Jaridu suka yi ta yi wa garuruwan bakin teku ba'a a kan haka, har gwamnatin Firaminista Thatcher ta kawo ƙa'ida a 1985 ta taƙaita makonnin da matashi zai iya zama a irin wannan masauki da kuɗin gwamnati. Amma ƙofa ta riga ta buɗu. A lokaci guda dokar 1980 ta ba masu haya a gidajen kansul damar sayen gidajen da rangwame, ba a kuma gina madadinsu yadda ya kamata ba, to talakan da bai samu gidan gwamnati ba ina zai nufa in ba ɗakin haya na 'yan kasuwa ba.

Daga nan abin ya zama kamar rami, duk wanda wata hukuma ta rasa inda za ta kai shi sai a gangaro da shi nan. Da aka rufe manyan asibitocin masu taɓin hankali aka ce a kula da su a cikin al'umma, ɗakunan Cliftonville na cikin inda suka ƙare. Wanda ya fito daga kurkuku ba shi da kowa, mai fama da shaye-shaye, duk nan. Ƙananan hukumomin Landan suka gano ya fi musu araha su kai yaran da ke hannun gwamnati gidajen kula da yara a Thanet maimakon su riƙe su a Landan, hukumomin Kent da shugabannin makarantu sun yi ta kuka a kan wannan shekara da shekaru, don yaro ne mai rauni aka raba shi da duk wanda ya sani aka ajiye shi layi ɗaya da masu sayar da ƙwaya. A ƙarshen shekarun 1990 masu neman mafaka da ke shigowa ta Dover aka riƙa sauke su a tsofaffin otal-otal, har da Nayland Rock da ke bakin ruwa, sannan bayan Mayun 2004 da ƙasashen gabashin Turai suka shiga Tarayyar Turai sai ga 'yan Folan da Romawa daga Cek da Sulobakiya, suna aikin gona da na shirya kayan lambu a yankin. Kar ki ji wani ya ce miki baƙi ne suka kashe unguwar, a mace suka same ta shi ya sa ma suka iya biyan hayarta, kuma shagunan da suka buɗe a titin Northdown su suka hana titin zama kufai.

Abin da ya lalata layukan a ganina lissafin mai gida ne. Mutum na zaune a Landan ko Essex, ya sayi ƙaton gida a gwanjo da kuɗin da ba zai saya masa ɗaki ɗaya a Landan ba, wani bai ma taɓa taka ƙafarsa ya ga gidan ba, ya yanka shi goma, kowane ɗaki gwamnati na biyan haya a madadin wanda ke ciki, kuma kuɗin da za ta biya ɗaya ne ko ya gyara rufi ko bai gyara ba. To don me zai gyara? Ɗan haya ya yi ƙorafi a ba shi notis, wani na layi. Ba mai goge matakala yanzu, ba mai fentin ƙofa, katifa da tsohon firij a bakin titi, mutane na shiga suna fita duk 'yan watanni har maƙwabci bai san maƙwabci ba, malamin firamare ya fara shekara da aji ɗaya ya ƙare da wasu fuskokin daban. A Ingila gaba ɗaya kusan gida ɗaya cikin biyar ne ke hannun masu haya na 'yan kasuwa, a yammacin Cliftonville kuwa su ne mafi rinjaye da tazara mai yawa. Shi ya sa mazaɓun Cliftonville West da Margate Central suka daɗe suna saman jerin wuraren da suka fi talauci a Kent. Wannan Cliftonville ɗin ce abokiyar aikinki ta farko ke nufi, kuma in ta taɓa aiki a sashen gaggawa to da idonta ta ga sakamakon.

Aiki ma ya yi ta tsiyayewa. Mahaƙar kwal ta ƙarshe a Kent, Betteshanger, ta rufe a 1989, Hornby ya mayar da ƙere-ƙerensa Sin a ƙarshen shekarun 1990, aka buɗe rukunin kantunan Westwood Cross a bayan gari a 2005 manyan shaguna suka kwashe suka koma can, har ta kai wajen 2011 fiye da kashi ɗaya cikin uku na shagunan tsakiyar Margate a rufe suke.

Kansul dai ba ta naɗe hannu ba, ko da yake ta makara. Ta ayyana yammacin Cliftonville yankin sabuntawa a 2005, daga baya ta kafa ƙa'idar hana ƙara yanka gidaje zuwa filat mai ɗaki ɗaya a yankin, dandalin Dalby ya shiga jerin wuraren tarihi da ake karewa a 2010, sannan a 2011 ta yi amfani da dokar gidaje ta 2004 ta ce duk mai ba da haya a wasu layuka sai ya yanki lasisi an shiga an duba gidan. Masu gidaje suka kai ƙara kotu suka faɗi, aka sabunta tsarin a 2016. Akwai kuma shirin da kansul ɗin da gwamnatin Kent suka riƙa sayen mafi munin gine-ginen suna mayar da su gidajen iyali. Duk sun taimaka, musamman lasisin, don shi ne ya ba jami'i ikon ƙwanƙwasa ƙofa ba sai ɗan haya ya yi kasadar kai ƙara ba.

Amma gaskiyar magana ba kansul ce ta juya kasuwar ba, tsadar Landan ce. A Disambar 2009 jirgin ƙasa mai gudu ya fara zuwa daga tashar St Pancras ta Landan, tafiyar ta dawo wajen awa ɗaya da rabi. A Afrilun 2011 aka buɗe gidan zane-zane na Turner Contemporary a bakin tashar ruwa, a wurin da mai zanen nan Turner ya riƙa sauka a zamaninsa, tsohon gari ya fara cika da wuraren shan kofi da shagunan kayan da, Dreamland da ya mutu har gobara ta ci wani sashe na tsohon lilonsa na katako a 2008 aka sake buɗe shi a 2015 bayan kansul ta karɓe filin da ƙarfin doka. Masu zane da mawaƙa da 'yan fim da haya ta kora daga gabashin Landan suka duba suka ga da kuɗin ɗan filat ɗinsu za su sayi gida mai hawa huɗu da ke kallon teku, sai suka fara saye suna ɓalle katakon da aka raba ɗakuna da shi suna mayar da gidan ɗaya kamar da. 'Yan gari na ce musu DFL, wato waɗanda suka gangaro daga Landan, kuma ba da sigar yabo ba. Tracey Emin, fitacciyar mai zane da ta tashi a garin, ita ma ta dawo ta buɗe wurin aiki da koyar da matasan masu zane. Korona ta zo a 2020 mutane suka koma aiki daga gida, abin ya ƙara wuta, ga Airbnb, manhajar ba baƙi hayar gida na 'yan kwanaki, har a 2022 mujallar Time Out ta sa Cliftonville ta takwas a jerin unguwannin da suka fi tashe a duniya. Wurin ibadar Yahudawan nan da ya rasa masu zuwa ya koma cibiyar al'adu, tsohon asibitin wankan teku ya koma filat-filat masu tsada. Wannan kuma ita ce Cliftonville ɗin abokiyar aikinki ta biyu.

Ni ra'ayina a kan wannan farfaɗowar rabi da rabi ne. Gidajen kam sun ji daɗi, wanda ya ga dandalin Dalby a da ya gan shi yanzu zai yi mamaki, kuma mai gida ya dawo kwana a cikin gidansa a layuka da dama, abin da aka rasa tun zamanin masu masauki. Amma gidan da mutum goma sha biyu ke ciki in ya koma na mata da miji da kare ɗaya, goma sha biyun nan ba arziki suka yi ba, matsawa suka yi, wasu Ramsgate, wasu Dover ko Folkestone, wasu masaukin wucin gadi na kansul, wasu titi. Haya ta hau, kuɗin da gwamnati ke taimaka wa talaka da shi kuma an daskarar da shi shekaru da dama, daga 2016 zuwa 2020 sannan daga 2020 zuwa 2024. Gidan da aka sa a Airbnb kuma in sanyi ya shigo duhu ne, ba yaro a makaranta ba mai sayen madara a shago. Shi ya sa kike ganin gida biyu bango ɗaya, wannan an yi masa fenti mai tsada da tukwanen fure, na kusa da shi ƙararrawar ƙofa tara ce a jere, ba a gama juyin ba, a tsakiyarsa kika zo.

Game da inda za ki zauna kuwa, in da yara kike kuma kina son kwanciyar hankali ki duba Westbrook da Garlinge da Westgate ko gabashin Cliftonville wajen Palm Bay, gidaje ne na iyali, shiru, sai dai tsada kuma Palm Bay in ba mota za ki ɗan sha tafiya. Dane Valley da Millmead sun fi sauƙin kuɗi kuma ba nisa da asibiti, amma su ma suna da nasu talaucin, kuma kuɗin Landan bai leƙa can ba sosai. Yammacin Cliftonville shi ne inda za ki samu naman halal da shagunan Turkawa da na sauran baƙi a titin Northdown, masallaci kuma na Union Crescent a tsakiyar gari, ba kuma wanda zai tsaya kallon hijabinki don an saba da kowane irin mutum, amma a nan ba unguwa ake zaɓa ba, gini ake zaɓa. Ki je da kanki sau biyu, da rana da kuma bayan isha'i, musamman ke mai dawowa daga aikin dare. Ki ƙirga ƙararrawar da ke bakin ƙofa, ki dubi matakalar da kowa ke bi ko ana share ta. Ki guji filat na ƙarƙashin ƙasa komai araharsa, tsofaffin gidajen nan bangon bulo ne zalla ba rata a tsakiya, iskar arewa mai gishiri na dukansu kai tsaye, danshi da baƙin naso na cin bango, in kika ji warin sabon fenti a ɗaki ɗaya kawai ki ɗaga labule ki leƙa bayan kabad. Ki tambayi irin hitar da ke gidan, in ta lantarki ce a ɗaki mai dogon rufi da tsohuwar taga to abin da kika rage a haya kamfanin wuta zai karɓe a watan Janairu. Ki nemi ejan ya nuna miki takardar duba gas ta shekarar da takardar ƙimar ɗumin gida, doka ta ce kar ta gaza matakin E. In gidan haɗaka ne mai mutum biyar ko fiye da ba iyali ɗaya ba dole mai shi ya riƙe lasisin kansul, kina iya tambayar kansul ɗin Thanet ta tabbatar miki. Kuɗin ajiya kuma kar ya wuce hayar sati biyar, kuma dole a sa shi a asusun kariya da gwamnati ta amince da shi cikin kwana 30 a ba ki shaida, kar kuma ki tura wa kowa ko sisi tun kina gida kafin ke ko wani da kika yarda da shi ya shiga ɗakin ya gani.